JININ DASASHI GARGAƊI NE, KADA A RAINA SHI

Akwai wani ciwo da ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan Arewa mazauna Kudu, kamar yadda yake a tsakanin sauran jama'ar ƙasa, amma ba a cika jin an ambace shi a fadar Sarkin Hausawa ko a majalisar 'yan kasuwa ba. Mutum ya tashi da asuba ya yi asuwaki, ya tofar da yawu ya ga jini, sai ya ce itacen ne ya yi tauri. Bayan 'yan shekaru haƙori ya soma girgiɗi, sai a ce tsufa ne ya zo, alhali kuwa mai haƙorin bai cika shekara 45 ba. Wannan shi ne ciwon dasashi, kuma binciken likitoci na fiye da shekara 30 ya nuna cewa yana da dangantaka da ciwon sukari da ciwon zuciya, watau cututtuka biyu da ke kayar da magidanta suna tsakiyar ƙarfinsu.

Ra'ayin wannan shafi shi ne lokaci ya yi da za a daina raba baki da sauran jiki, a gida da kuma a asibiti.

Ciwon ba na mutane kaɗan ba ne. A rahoton da ta fitar a watan Nuwamba na shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 3,500 ne ke fama da cutar baki ko ta haƙori, kuma daga cikinsu wajen miliyan 1,000 ciwon dasashinsu ya riga ya yi tsanani. Idan aka lissafa, kusan mutum 1 ke nan cikin kowane baligi 5. Saboda haka a layin masu sayar da albasa na Mile 12, ko a karar shanu ta Agege, ko a Sabon Badun, da wuya a ƙirga magidanta goma ba a sami mai ɗauke da shi ba.

Yadda abin ke farawa ba shi da wuyar ganewa. Bayan an ci abinci, wata dauɗa mai yauƙi takan kwanta a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, kuma cike take da ƙwayoyin cuta. In ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta daskare ta zama tsatsa wadda asuwaki ko buroshi ba ya iya ɓamɓarewa. Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da an taɓa shi. A wannan mataki ana warkewa sarai in an tsabtace bakin. Amma in aka ƙyale shi, sai naman ya soma rabuwa da haƙori, wani ɗan rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su yi sansani a ciki, ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya riƙa zaizayewa. Ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya komowa da kansa. Babban haɗarin shi ne duk wannan ɓarna takan gudana ba tare da zogi ba, mutum kuwa ba ya zuwa asibiti sai abin da ya hana shi barci.

Masana sukan kwatanta cewa in aka haɗa raunukan da ke cikin waɗannan ramuka a bakin wanda ciwonsa ya yi nisa, faɗinsu zai iya kusantar tafin hannu. Babu mai hankalin da zai ga gyambo mai wannan girma a ƙafarsa ya bar shi shekara goma ba magani. Na baki kuwa a ɓoye yake, kuma duk sa'ad da aka tauna abinci, ƙwayoyin cuta na samun ƙofar shiga jini ta wurinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dangantakar da ta fi tabbata ita ce wadda ke tsakanin dasashi da ciwon sukari, kuma kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Idan sukari ya yi yawa cikin jini, ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta a jiki sukan yi rauni, ƙananan jijiyoyin jini su lalace, baki ya riƙa bushewa, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. Shi ya sa dasashin mai ciwon sukari ke saurin kamuwa, ya kuma yi wuyar warkewa. An ga haka a fili a binciken da aka daɗe ana yi a kan mutanen ƙabilar Pima, 'yan asalin Amurka mazauna jihar Arizona, waɗanda ciwon sukari ya yi wa katutu. An tarar cewa masu sukari a cikinsu sun fi sauran kamuwa da mummunan ciwon dasashi da kusan ninki 3. A shekarar 1993 ne wani babban masanin haƙori, Dokta Harald Löe, ya kira ciwon dasashi illa ta shida daga illolin ciwon sukari, bayan lalacewar ido, da ƙoda, da jijiyoyin ji, da manyan jijiyoyin jini, da rashin warkewar rauni.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kumburin da ke ci a dasashi dare da rana yana sakin wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke hana insulin aikinsa sosai. Insulin shi ne abin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Saboda haka mai ciwon sukari yana iya shan maganinsa a kan kari, ya kiyaye abinci, amma awo ya ƙi sauka, dalili kuwa yana cikin bakinsa. A shekarar 2018 likitoci a Landan sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa masu ciwon sukari 264 da ke da ciwon dasashi. Rabinsu an yi musu cikakkiyar wankin gindin haƙori har ƙarƙashin dasashi, rabi kuma aka share musu sama-sama. Bayan wata 12, awon jinin nan da ke nuna matsakaicin sukarin mutum na wata 2 zuwa 3 ya sauka a wajen rukunin farko da maki 0.6 fiye da na rukuni na biyu. Mai karatu na iya ganin wannan lamba ƙarama ce, amma a wajen likitocin sukari ta kusa kai amfanin da ake samu in an ƙara wa majinyaci wata ƙwayar magani. A shekarar 2022 ma an tattara gwaje-gwaje 35 na irin wannan aka auna su tare, aka sami sauƙin da ya kai wajen maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4.

Batun zuciya kuwa yana bukatar a yi maganarsa da taka-tsantsan, domin kada a gaya wa jama'a abin da ya wuce gaskiya. A shekarar 1989 Dokta Kimmo Mattila da abokan aikinsa a ƙasar Finlan suka lura cewa mutanen da jijiyar zuciyarsu ta toshe sun fi tsaransu lalacewar baki. Tun daga lokacin bincike iri-iri a ƙasashe dabam-dabam ya maimaita nuna haka. An kuma sami burbushin ƙwayoyin cutar dasashi a cikin kitsen da ke daskarewa a bangon jijiyoyin jini, wanda shi ne ke jawo toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A cikin mutanen Pima ɗin nan ma, rahoton shekarar 2005 ya nuna cewa masu sukarin da dasashinsu ya lalace ƙwarai sun fi sauran masu sukari mutuwa ta hanyar ciwon zuciya ko na ƙoda da fiye da ninki 3.

Amma fa tafiya tare ba ita ce hujjar cewa wannan ne ya haifi wancan ba. A shekarar 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta duba binciken da aka yi, ta yarda akwai dangantaka, ta kuma ce ba a tabbatar ba cewa ciwon dasashi shi ne ke haddasa ciwon zuciya, ko kuwa wanke haƙori na hana shi. Wani sashe na dangantakar ya samo asali ne daga abubuwan da ke cin dasashi da zuciya gaba ɗaya, watau shan taba, da ciwon sukari, da ƙiba, da talauci, da yawan shekaru. Duk da haka, sa'ad da masanan dasashi na Turai suka zauna da Tarayyar Ƙungiyoyin Zuciya ta Duniya a birnin Madrid a shekarar 2019, shawarar da suka yanke ita ce a riƙa gaya wa mai ciwon dasashi cewa haɗarinsa na ciwon zuciya ya fi na sauran mutane, mai ciwon zuciya kuma a duba masa baki. Wannan ita ce matsaya ta hankali. Duk mai tallar da ya ce man goge bakinsa ko jiƙonsa na maganin ciwon zuciya, neman kuɗin jama'a yake yi. Wanda kuma ya ce jinin dasashi ba kome ba ne, shi ma ya ɓatar da mai saurarensa.

Me ya sa wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kudu musamman? Dalilin yana cikin irin zaman da neman abinci ya tilasta masa. Mai gadi da ke kwana a ƙofar gida a Ikko, da ɗan dako a kasuwar Anacha, da direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, da ɗan canji a Fatakwal, yawancinsu sun bar iyali a gida, ba mai dafa musu. Kalacinsu shayi ne da madara da sukari cokali huɗu ko biyar, da burodi. Da rana a sha lemon kwalba a kashe ƙishi, da dare a koma teburin mai shayi. Don a kori barci sai a haɗa da goro, wasu kuma da taba sigari ko garin taba da ake cusawa a leɓe. Sukarin yana ɓata haƙori yana kuma ƙara ƙiba. Taba kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke lalata dasashi, kuma tana da wata mugunta, domin takan takure jijiyoyin jini har dasashin mashayi ya ƙi zubar da jini ko da ya ruɓe, sai mutum ya zaci lafiyarsa lau. Jan goro shi ma yakan rufe launin dasashi da na jini, har a kasa ganin alamar da wuri.

Daɗin daɗawa, yawancin masu ciwon sukari ba su san suna da shi ba. Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa baligai miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, wajen miliyan 3 da rabi daga cikinsu a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba a taɓa auna su an gane ba. A irin wannan hali, dasashin da ke yawan kumbura yana fitar da mugunya, ko haƙoran da suka soma girgiɗi ba faɗuwa ba duka, na iya zama alama ta farko da jiki ya bayar. In aka haɗa da yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, to, babu sauran jira.

Abin baƙin ciki shi ne inda ake kai kukan. Da haƙori ya matsa, wani sai ya ɗiga masa ruwan batir ko kananzir, wani ya danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har ta ƙone naman, wani kuma ya nufi mai cire haƙori na bakin tasha. Araha ba ta ado. Mai awartakin bakin tasha ba ya auna sukari, ba ya auna hawan jini, ba ya tambayar maganin da mutum ke sha, kuma ba a san inda ƙarfensa ya shiga kafin wannan baki ba. Mai ciwon sukarin da aka cire wa haƙori haka yana iya samun kumburin da zai gangara muƙamuƙi da wuya har ya toshe numfashi. Mai shan maganin tsinka jini yana iya zubar da jini ba tsayawa. Wanda kuma ƙofofin zuciyarsa suka lalace tun yana yaro, ƙwayoyin cutar baki na iya sauka a kansu su jawo ciwon da ke kisa. Wasu kuma da jiki ya ƙi sai su hau mota su koma gida, a bi su da jiƙe-jiƙe, jarin da aka tara shekara da shekaru ya ƙare, yara su bar makaranta.

Alhali kuwa asibitocin na kusa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, kuma a can ne aka soma horar da likitocin haƙori a ƙasar nan tun shekarun 1960. Na Jami'ar Jihar Ikko yana Ikeja, ba nisa da Agege. Asibitin Koyarwa na Badun tafiyar 'yan mintoci ce daga Sabo. Haka nan akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Binin, da Inugu, da Fatakwal, da Ife, da manyan asibitocin gwamnatin jiha da dama. Abin da ke hana zuwa shi ne tsoron kuɗi, da asarar cinikin yini guda a layi, da matsalar harshe, da kuma wata camfa da ta yaɗu cewa wankin haƙori a asibiti na sa haƙora su yi giɓi su yi girgiɗi. Gaskiyar ita ce giɓin da ake gani bayan wanki ciwon ne ya riga ya yi shi, tsatsa ce ta cike wurin ta ɓoye ɓarnar. Barin tsatsar shi ne ke ƙarasa haƙorin.

Saboda haka wannan shafi na kira ga ɓangarori uku.

Na farko, kowane magidanci da uwargida. A goge baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, na tsawon minti 2, da buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Asuwaki abu ne mai kyau da aka gada, ko na darbejiya ne ko na itatuwan da Yarbawa ke sayarwa a kasuwa, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, an bi gindin kowane haƙori ciki da waje, an kuma yanke kan da ya tsufa. Riƙe shi a gefen baki ana hira ba ya wanke kome. A bar dirzar dasashi da gawayi ko toka. In jini ya fito kada a daina gogewa, a ci gaba a hankali, in kuwa ya wuce mako 2 bai tsaya ba a je asibiti. A rage sukarin shayi, a bar taba. Wanda ya kai shekara 40 ya auna sukari da hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Awon sukari kafin kalaci da ya kai 126, ko hawan jinin da ya kai 140 bisa 90, in an maimaita an sami haka, magana ce ta likita. Mai ciwon sukari ya gaya wa likitan haƙori halin da yake ciki da magungunan da yake sha, kada kuma ya je da yunwa bayan ya sha magani ko ya yi allura. Wasu magungunan hawan jini sukan sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Wanda ya ga haka kada ya yanke maganin da kansa, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa.

Na biyu, sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta. Su ne jama'a ke saurare, kuma su ne ke tara gudummawa sa'ad da za a kai majinyaci ko gawa gida. Kaɗan daga irin wannan kuɗi zai isa a gayyato ma'aikatan lafiya su kafa rumfa a ƙofar fada ko a harabar kasuwa, a auna sukari da hawan jini, a kuma leƙa baki, duk a zama ɗaya. Akwai ranakun da duniya ta keɓe waɗanda asibitoci kan nemi wurin da za su kai irin wannan aiki: 20 ga Maris don lafiyar baki, 29 ga Satumba don zuciya, 14 ga Nuwamba don ciwon sukari. Kada a manta da mata, domin masu juna biyu dasashinsu kan yi saurin kumbura, kuma da yawansu ba sa fita sai an shirya musu wuri. Haka nan ya kamata kowace unguwa ta ware matasa biyu ko uku masu jin Turanci da Yarbanci ko Ibo da za su riƙa raka marasa lafiya asibiti.

Na uku, hukuma. A yawancin asibitoci sashen sukari na gabas, sashen haƙori na yamma, kati dabam, layi dabam, kuɗi dabam. Ba ya bukatar sabon gini kafin a umarci ma'aikatan sashen sukari da na zuciya su tambayi kowane majinyaci ko dasashinsa na jini, su tura shi inda ya dace, a kuma ajiye na'urar awon sukari da ta hawan jini a kowane ɗakin likitan haƙori. Nijeriya na cikin ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda babban taronta ya zartar a shekarar 2021 cewa a shigar da lafiyar baki cikin shirin yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Dokar inshorar lafiya ta shekarar 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, amma ɗan dako da mai shayi ba su da albashin da za a yanka, kuma da yawansu ba su san ƙofar shiga ba. Lalle ne jihohin Kudu su kai rajistar har cikin kasuwanni ba tare da tambayar asalin mutum ba, kuma a sa wankin haƙori na shekara-shekara cikin abin da inshorar ke biya wa masu ciwon sukari. A shekarar 2022 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta soma karɓar harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba mai sukari. Adalci shi ne wani kaso na irin wannan kuɗi ya koma ga awon sukari da kula da bakin waɗanda suka biya shi.

Wankin haƙori sau ɗaya a shekara da awon jini na 'yan mintoci ba za su kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, balle kuɗin wankin ƙoda ko jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda ya baro Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya zo Kurmi, jikinsa ne jarinsa na farko, kuma bakuna da yawa a gida na jiran abin da zai aiko. In ya ga jini a kan asuwakinsa gobe da asuba, to, ya nufi asibiti cikin makon nan, ya ce a duba masa baki, a auna masa sukari, a auna masa hawan jini.